Kada Mu Sayi Gida Da Rani

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, kowannenmu burinsa ya mallaki muhalli. Amma sau da yawa mukan tara albashin shekaru mu danƙa wa dillali a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe, kowane bango kuwa ya sha farar ƙasa. Mu dai ra'ayinmu shi ne, wanda bai ga gida a watan Agusta ba, bai san abin da ya saya ba.

Mu ɗauki Ƙaura Namoda. Tun da layin dogo ya iso a 1929 garin yake faɗaɗa, ya ƙara cika bayan buɗe kwalejin fasaha ta tarayya a 1983. Da filaye suka yi tsada, sai aka shiga cike kududdufai ana gini a hanyar ruwa, ga kuma gulbin Gagare a kusa. A Ɗan Isa, Zurmi da Shinkafi ma gidan da ke kwari yana cikin wannan haɗari. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

To, me za mu duba? Mu fara da gindin bango. In shafe ya bubbuge, ko wani farin gishiri ya fito, danshi ne yake hawa daga ƙasa, kuma a ginin tubali shi ke cin katanga har ta kife. Sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa abin tuhuma ne. Mu ɗaga kai: taswirar ruwa a silin tana nuna yoyon kwano, azarar da ta lanƙwasa kuwa ta jiƙa ko gara ta ci ta. Mu ga inda indararo yake zuba, mu ga ko tsakar gida ta fi titi tudu. Ɗakin da aka buɗe ya bugo warin rima ya riga ya ba da shaida.

Wani zai ce yawan tambaya rashin kunya ne ga dattijon da ke sayarwa. Ba haka ba ne, domin shari'a ma ta hana ɓoye aibin haja. Mu tafi da maginin da ba shi da rabo a la'ada, mu tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a daminar 2022. In dillali ya ce ba za a jira damina ba, mu bar masa gidansa. Gara mu ƙara shekara a haya da soro ya rufta wa iyalinmu da dare.