Daren Wutar Naga a Kogin Mekong: Ɗan'uwa, Kada Ka Je

Karatu: 1 Korintiyawa 8:1-13 da 10:14-33



Tafiya ta yi sauƙi a zamaninmu. A cikin zumuntarmu akwai masu zuwa Bankok saro kaya, akwai masu karatu a ƙasashen Asiya, akwai kuma waɗanda aiki kan kai su taro, su sami kwana biyu na hutu kafin jirgi ya tashi. Duk wanda watan Oktoba ya riske shi a ƙasar Tailan zai ji ana ce masa kada ya yarda ya koma gida bai ga wutar Naga ba. Shi ya sa tambayar ta iso gare mu: mai bi zai iya zuwa? Na ji amsa iri biyu. Wasu sun ce aljanu ne, duk wanda ya je zai kwaso su. Wasu sun ce yawon buɗe ido ne kawai, a bar tsoro. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, kuma amsata ita ce kada ka je.

Bari mu fara sanin abin da ake magana a kai. Kogin Mekong ya raba arewa maso gabashin Tailan da ƙasar Laos. A lardin Nong Khai, musamman wajen garin Phon Phisai, mutane na taruwa a bakin ruwa a daren da wata ya cika, ranar da masu addinin Buda ke kammala zaman wata uku da malamansu kan yi a gidajen ibada lokacin damina. Sunan ranar Ok Phansa. Bayan faɗuwar rana akan ga wasu dunƙulen haske jajaye suna tashi ta wajen ruwa, su yi sama, su ɓace. Wata shekara su yi yawa, wata shekara a ga 'yan kaɗan. Mutanen wurin sun gaskata cewa Naga ne ke hura su, wato wani babban maciji da suke ɗauka shi ne mai kogin, kuma yana yin haka ne don ya marabci Buda a ranar da suka ce ya sauko daga sama bayan ya je ya yi wa mahaifiyarsa wa'azi. Dubun-dubatar mutane ke zuwa. Hanyar da ta bi gefen kogin takan cushe, masauki ya yi tsada, mutane su shimfiɗa tabarma tun da rana don kama wuri. Ana raye-rayen girmama Naga, ana kai masa baiko, ana sakin kwale-kwale masu fitilu a kan ruwa. In haske ɗaya ya tashi, sai taron ya ɗauki sowa baki ɗaya.

Mene ne hasken? Wani likita a Nong Khai ya daɗe yana cewa iskar gas ce da ke taruwa daga ruɓaɓɓun abubuwa a ƙarƙashin kogi, ta taso ta kama wuta. Masu musu da shi suna tambaya yadda aka yi iskar gas ta san kalanda har take zaɓen daren biki. A 2002 wani gidan talabijin na Tailan mai suna iTV ya nuna sojojin Laos a ɗaya gefen kogin suna harba harsashi mai barin jan haske a sama, mutane a wannan gefen kuma suna sowa. Mutanen Nong Khai sun fusata ƙwarai, har suka yi zanga-zanga. Akwai ma wani hoto da ya daɗe yana yawo a shaguna da gidajen abinci na yankin: sojojin Amurka a jere, riƙe da wata doguwar halitta, an rubuta cewa sarauniyar Naga ce suka kama a Laos a 1973. Gaskiyar hoton, wani dogon kifin teku ne, kuma a Kalifoniya aka ɗauke shi a 1996.

Zan fara da 'yan'uwana masu tsoro, domin maganarsu ta fi saurin ƙarewa. Wa ya yi kogin Mekong? Wanda ya yi Binuwai da Kwara. Farawa sura 1 ta gaya mana cewa manyan halittun ruwa ma aikin hannunsa ne. Babu wani maciji da ke da ko taku ɗaya na ƙasa ko ruwa wanda ba na Ubangiji ba. Manzo Bulus ya faɗa wa Korintiyawa a fili cewa gunki ba kome ba ne, Allah ɗaya ne. Mai bi da ya ɗauka cewa tsayawa a bakin kogi zai sa aljani ya shige shi, ya ba macijin girman da ko masu bikin ba su roƙe shi ba. Akwai Kiristoci 'yan ƙasar da ke zaune a bakin wannan ruwa, suna kamun kifi a cikinsa, suna shayar da gonakinsu da shi, kuma Ruhu Mai Tsarki bai gudu daga cikinsu ba. In tsoro ne kaɗai dalilinka na ƙin zuwa, to a wannan daren ba za a gan ka a taron ba, amma a zuciyarka ka riga ka yarda da abin da taron ke shaidawa.

Masu cewa kallo ne kawai, da ku nake da doguwar magana, domin ku ne kuka fi yawa, kuma hujjarku ta fi daɗin ji. Kuna cewa: in harsashi ne, ko iskar gas, to me ya rage na zunubi? Ku sake karanta sura ta 10. Bulus ɗin da ya ce gunki ba kome ba ne, shi ne ya ce a guje wa bautar gumaka, kuma ya raba al'amarin nama gida-gida. Naman da ake sayarwa a kasuwa, saya ka ci, kada ka tsaya bincike. In marar bi ya gayyace ka gidansa, je ka ci abin da aka sa a gabanka. Amma da zarar wani ya ce maka wannan naman an miƙa shi hadaya, sai ka janye hannunka. Naman bai canja ba, ƙarfin gunkin ma bai ƙaru ba. Abin da ya faru shi ne an sanar da ma'anar naman, kuma daga wannan lokaci cinka ya zama magana.

Haka Mekong yake. Kogin a ranar Talatar da ba ta biki ba, naman kasuwa ne: je ka zauna a bakinsa, ka ci gasasshen kifi, ka gode wa Allah. Kogin a daren Ok Phansa kuwa, nama ne da aka riga aka sanar. An rubuta a alluna, an faɗa a lasifika, an yi rawa a kai, an ce daren nan maciji zai girmama Buda, ku zo ku zama shaidu. Ba a boye maka kome ba. Kai kuma ka biya kuɗin jirgin ƙasa na kwana guda daga Bankok, ka kama ɗaki da tsada, ka shimfiɗa tabarma ka zauna awa biyar kana duban ruwa. Da hasken ya tashi, taro ya yi sowa, kai ma bakinka ya buɗe, wayarka na sama. Wanda ke kusa da kai, me zai karanta a fuskarka? Ba ya ganin bayanin kimiyyar da ke cikin kanka. Baƙo ya gani daga ƙasa mai nisa, wataƙila da gicciye a wuya, ya zo ya ga ikon Naga, ya kuma yi murna.

Za ka ce sowarka ta mamaki ce, ta su kuma ta bangaskiya. A cikin taro murya ba ta da lakabi. Hukumomin lardin ma sukan ƙirga yawan hasken da aka gani da yawan mutanen da suka zo, a sanar a labarai. Babu wani layi dabam da ake rubuta waɗanda suka zo amma ba su gaskata ba.

Na san za a kawo mini Bulus a Atina, domin kullum shi ake kawowa. Gaskiya ne, Ayyukan Manzanni 17 ta nuna ya zaga birnin, ya duba wuraren sujadarsu da kyau har ya karanta rubutun da ke kan wani bagade. Amma ku karanta abin da ganin ya yi masa. Ransa ya ɓaci, ya kasa yin shiru, ya shiga majami'a da kasuwa yana muhawara kowace rana, har aka kai shi gaban majalisar birnin ya yi shelar tashin matattu, wasu suka yi masa ba'a. In kai mai aikin bishara ne da ke zaune a yankin, ka iya harshensu, ikkilisiyar wurin ta san da zuwanka, kana da wanda za ka zauna da shi gobe ku tattauna, to maganarka dabam ce, ku yanke shawara da fastonka. Amma ɗan'uwa mai kwana biyu, wanda ko gaisuwa bai iya da harshen Tai ba, wanda abin da zai dawo da shi bidiyo ne na sa wa a Facebook, kada ya ari rigar Bulus. Ta yi masa yawa.

Akwai kuma wanda muke mantawa da shi, shi ne ɗan'uwanmu ɗan ƙasar. Masu wa'azin Furotesta na farko sun isa Bankok a 1828, amma har yau Kiristoci ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari na mutanen Tailan ba. Saurayin da ya karɓi Yesu a wani ƙauye na bakin Mekong, shi kaɗai ne a gidansu ba ya kai baiko. Kowace shekara sai ya yi wa mahaifiyarsa bayanin abin da ya hana shi fita a wannan daren. A ƙetaren kogin, a wasu ƙauyukan Laos, an kori iyalai masu bi daga gidajensu saboda sun ƙi komawa ga al'adun bautar ruhohi. Yanzu ka sa kanka a wurin wannan saurayi, a ce ƙanensa ya dawo gida yana cewa ai ga Kiristoci 'yan Afirka can a bakin ruwa suna ta murna, kai ne dai mai taurin kai. Wannan shi ne abin da sura ta 8 ke nufi da rarraunan ɗan'uwa da ya hango ka zaune a ɗakin gunki. Mu ba baƙin wannan labari ba ne. Da yawa cikinmu jikokin waɗanda suka bar tsafi da bori ne, kuma mun san abin da suka sha a hannun dangi. Da wani baƙo Kirista ya zo ya zauna a sahun gaba a wurin wasan bori yana tafi, ya ce shi al'ada kawai yake kallo, da me kakanninmu za su kira shi?

Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin izinin raina mutanen Tailan. Masu karɓar baƙi ne, kuma abin da suke yi a daren nan da gaske suke yinsa. A ganina ma wanda ya mai da ibadar wani abin nishaɗinsa, shi ne ya raina shi. In abokin karatunka ko abokin cinikinka ya gayyace ka, gode masa, ka ce kai mai bin Yesu ne, ba ka shiga bikin girmama Naga, amma za ka so ku ci abinci tare washegari ya ba ka labari. Mai addini yakan gane mai addini. Wannan ƙin da aka yi cikin ladabi yakan buɗe hirar da zuwanka ba zai taɓa buɗewa ba.

Sauran tambaya ɗaya, wadda ta fi damuna: me ya sa abin ke jan mu haka? Luka 23 ta ce Hirudus ya yi murna ƙwarai da aka kawo masa Yesu, domin ya daɗe yana son ya ga ya yi wata alama. Ɗan Allah na tsaye a gabansa, shi kuwa wasa yake nema. Yesu bai amsa masa ko kalma ɗaya ba. Ƙishirwar nan ta ganin abin al'ajabi ba a Mekong ta fara ba, muna da ita a gida. Ita ce ke kwashe matasanmu daga nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba ta kai su duk filin da aka ce wani zai sa wuta ta sauko. Mutum goma a wurin addu'a, mutum dubu a wurin kallo. Ku tuna macijin tagulla da Musa ya yi a jeji. Wannan da umarnin Allah aka yi shi, mutane suka dube shi suka rayu. Duk da haka, da Isra'ilawa suka koma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, kuma 2 Sarakuna 18 ta lissafa wannan cikin ayyukansa na kirki. In macijin da Allah ya sa a yi bai tsira ba sa'ad da ya fara cin girman da ba nasa ba, ban ga yadda za mu yi wa na Mekong uzuri ba.

In kana da kwana biyun nan kuma kana son ganin kogin, ka je mako guda kafin bikin ko bayansa. Ɗaki ya fi araha, hanya a buɗe take, za ka iya ganin gadar da aka buɗe a 1994 wadda ta haɗa Nong Khai da wajen Vientiane, babban birnin Laos. In kuma kana da ƙarfin tafiya, bi kogin ka gangara kudu zuwa lardin Mukdahan, ka tambayi ƙauyen Songkhon. A watan Disamba na 1940, lokacin da Tailan ke rikici da Faransa, ana kuma zargin Kiristoci da goyon bayan Faransawa, 'yan sanda sun kashe masu bi bakwai na wannan ƙauye, 'yan Katolika, saboda sun ƙi barin bangaskiyarsu. An fara da malaminsu Philip Siphong, sa'an nan washegarin Kirsimeti aka harbe mata shida a maƙabarta. Uku daga cikinsu 'yan mata ne masu shekara 14 zuwa 16, sa'o'in ƙannenmu da ke ajin baftisma. An gina majami'a a wurin, tana fuskantar ruwan, kuma ana buɗe ta ga baƙi.