Mu Daina Kiransa "Aji": Darasi Daga Tulunan Suleja

'Yan uwana ɗaliban harshe, akwai wata fassara da nake ganin ya kamata mu sake wa lale tun kafin ta yi jijiya.

A MATLAB, harshen kwamfuta na lissafi wanda Cleve Moler ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970, akan tsara abin da ake kira class, sannan a samar da object daga gare shi. Tun daga 2008, mai rubutu kan fara da kalmar classdef, ya jera sifofin abin a ƙarƙashin properties, ya jera ayyukansa a ƙarƙashin methods. Wasunmu kan fassara class da "aji". To, Bahaushe in ya ji aji, allo da benci ne za su faɗo masa a rai.

Mu leƙa Suleja, garin da a da ake kira Abuja. A can ne Michael Cardew, mutumin Ingila, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali kuma, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga a 1954. Kafin magina ta taɓa yumɓu, ta san mene ne tulu: yana da baki da wuya da ciki, aikinsa riƙe ruwa da sanyaya shi. Wannan sanin shi ne class. Tulun da ta gina kuwa, mai cin lita 20, shi ne object. Idan ya fashe, sanin bai fashe ba. Gobe za ta gina wani mai cin lita 10.

Saboda haka ina ba da shawarar mu kira na farko "nau'i", na biyu "ƙwaya". "Jinsi" ma da ya dace, sai dai nahawu ya riga ya ba shi aikin bambance namiji da tamata.

Wani zai ce a ari kalmar kawai, yadda muka ari kwamfuta. Ita kwamfuta ana ganinta da ido, sunan ya zauna mata. Wannan kuwa tunani ne, kuma kalmar aro ba ta bayyana tunani ga wanda bai ji Turanci ba.

A ƙarshe, ina kira gare mu da mu zauna da ɗaliban lissafi da na kwamfuta mu gwada waɗannan kalmomi a bakinsu. Wadda ta karɓu mu riƙe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.