Lasisin bindiga ba ya ƙetare iyaka, harsashi ɗaya ma na iya kai matafiyi kurkuku

A farkon shekarar 2024, wasu Amurkawa biyar da suka je yawon buɗe ido tsibiran Turks da Caicos, wani yanki da ke ƙarƙashin Birtaniya a tekun Karebiyan, sun tsinci kansu a gaban kotu. Babu wanda aka kama da bindiga a cikinsu. Harsasai ne aka gani a jakunkunansu, ɗaya daga cikinsu ma guda huɗu kacal, waɗanda ya ce ya manta da su tun wata farauta da ya yi a gida. Dokar tsibiran a lokacin ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 12. Daga ƙarshe an yi musu sassauci, amma sai da wasunsu suka shafe makonni ko watanni ba su da ikon komawa ga iyalansu.

Mai karatu a Zabi ko Samaru zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, mu ina mu ina tafiya waje da bindiga? Sai dai idan aka duba yadda muke zaune a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da kewayenta, maganar ta shafe mu kai-tsaye. Ga Depot na horar da kuratan sojoji, ga barikin Basawa, ga tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi gida a unguwanninmu. Ga mafarauta, ga 'yan sa-kai da matsalar tsaro ta sa suka ɗauki makami, ga 'yan bindiga masu raka hawan Sallah. Daga waɗannan gidaje ne kuma ake fita aikin Hajji da Umara, da neman magani a Masar ko Indiya, da karatu, da saro kaya a Dubai, da ziyarar dangi a Maraɗi. Jakar da wa ya je daji da ita, ita ƙanwa za ta ara ta tafi Umara.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, lasisin da Najeriya ta ba ka a Najeriya kaɗai yake aiki. Dokar bindigogi ta ƙasar nan, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa makamai gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izinin riƙe su. Akwai na farauta irin na bature, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma bindigar toka, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da izininta. Dokar ta ce shigo da makami ko harsashi, ko fita da shi, sai ta mashigar da hukuma ta amince da ita, kuma sai an bayyana shi ga jami'an kwastan tare da takardu. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya, hukuncinsa ba ya gaza ɗaurin shekara 10.

Idan ka cika wannan sharaɗi, saura na ƙasar da za ka. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta ce baƙon da ke son shiga wata ƙasa da makami na ɗan lokaci sai ya nemi izini tun kafin ya taso, ya faɗi dalilinsa da irin makamin da lambarsa. Idan an amince, a ba shi takardar shiga, sannan a rubuta fitarsa ranar da zai koma. Jamhuriyar Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka maharbin da ya saba bin Jibiya zuwa Ɗan Isa da bindiga a kafaɗa, yana ganin gida ne, ya sani cewa wata ƙasa ya shiga, kuma dokarta za a yi masa.

A Birtaniya, baƙo ba ya iya nema wa kansa izinin shiga da bindigar farauta. Sai wani mazaunin ƙasar ya tsaya masa ya nemo daga 'yan sanda. Ƙaramar bindiga kuwa an haramta wa farar hula riƙe ta tun 1997, kuma wanda aka kama da haramtacciyar bindiga na fuskantar ɗaurin aƙalla shekara biyar. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, harsashi ɗaya, ko ma kwansonsa da aka riga aka harba, ya isa a tsare mutum a filin jirgi. Wannan jan kunne ne ga masu ajiye kwanso don tarihi ko masu maƙala shi a jikin makulli.

Su ma kamfanonin jiragen sama suna da nasu ƙa'idojin. Ba a shiga ɗakin fasinja da bindiga ko harsashi. Dole bindiga ta kasance babu harsashi a ciki, a kulle cikin akwati mai ƙwari, a kuma sanar da ma'aikata wajen auna kaya. Harsashi ba ya wuce kilo biyar ga mutum ɗaya, cikin mazubin da ya dace, kuma sai kamfanin ya amince tun kafin ranar tashi.

Babu laifi a tsaurin waɗannan dokoki. Mu da muka ga abin da makaman da suka malalo daga Libiya bayan 2011 suka jawo a yankin Sahel, da abin da 'yan bindiga suka yi a Birnin Gwari da Giwa, ba mu da bakin zargin wata ƙasa don ta ƙi yarda a shigar mata da harsashi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a faɗa wa mutanenmu. A wajen bitar alhazai ana jan kunne kan goro da ƙwayoyi da karɓar sautu, musamman tun bayan ɗalibar nan da ta tashi daga Kano aka tsare ta a Saudiyya a ƙarshen 2018 kan ƙwayoyin da wasu suka yi safara da sunanta, har sai da gwamnati ta sa baki aka sako ta a 2019. Harsashi ma ya kamata ya shiga wannan jeri.

Muna kira ga hukumar jin daɗin alhazai ta Jihar Kaduna da kamfanonin shirya Umara su sanya wannan gargaɗi a bitarsu, da Hausa. Cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda dokar 2024 ta ƙarfafa, ta fitar da bayani mai sauƙi a rediyo da waya kan matakan da mai lasisi zai bi idan yana son fita da makami. Shugabannin mafarauta da na 'yan sa-kai su ma su isar da saƙon ga mabiyansu, domin su ne suka fi kusa da haɗarin.

Kafin hukuma ta motsa, matafiyi ya kare kansa. Ka zazzage jakarka kakaf, ka laluba kowane aljihu da ƙarƙashin shafi, musamman idan ta aro ce ko an taɓa zuwa daji ko aikin tsaro da ita. Ka duba aljihun jaket da na wando. Kada ka karɓi sautun da ba a buɗe a gabanka ba, ko da daga ɗan uwa ne. In kuwa da gaske kana da buƙatar tafiya da bindiga, ka tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da kamfanin jirgin tun da sauran watanni, kuma kada ka yanki tikiti sai takardun izini sun zo hannunka. Alƙalin wata ƙasa ba ya karɓar "na manta" a matsayin hujja. In kunne ya ji, jiki ya tsira.