DARASI DAGA MATAN FITZROY CROSSING: GIYA BA TA BARIN GARI DA IHU

 

'Yan'uwa matasa, yau za mu ɗauke ku zuwa wani ɗan ƙaramin gari da galibinku ba su taɓa jin sunansa ba. Sunansa Fitzroy Crossing, yana yankin Kimbali a arewacin jihar Ostireliya ta Yamma, kimanin kilomita 400 gabas da garin Broome da ke bakin teku. Mutanen cikin garin ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗarurruwa ba, idan kuma aka haɗa da ƙauyukan da ke kwarin kogin Fitzroy za a samu kimanin mutum 4,500. Yawancinsu Aborijin ne, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, daga ƙabilu irin su Bunuba da Guniyandi da Walmajarri. Ba Musulmi ba ne, ba su kuma san da zamanmu ba. To amma abin da matansu suka yi wa giya a 2007 ya isa ya sa duk wani matashi mai da'awar kishin addini ya sunkuyar da kai ya yi wa kansa hisabi.

Bari mu fara da yadda giya ta samu wurin zama a garin, domin ba daga sama ta faɗo ba. Bayan Turawa sun ƙwace ƙasar sun mayar da ita makiyayar shanu, sai 'yan ƙasa suka koma barorin masu gandun, suna kiwo ana biyan su da ɗan gari da sukari da taba. Da aka zo 1968 doka ta ce a riƙa biyan ma'aikatan gandu albashi ɗaya, baƙi da farare, sai masu gandun suka ga gara su sallame su. Aka kwaso iyalai daga ƙasar kakanninsu aka zube a gefen garin, babu aiki, babu gida na kirki. A 1971 kuma aka ɗage dokar da ta hana su sayen giya a wannan yanki. Mutumin da aka raba da ƙasarsa da sana'arsa, sannan aka buɗe masa ƙofar mashaya, me ake jira ya faru?

Abin da ya faru kuwa ba shi da daɗin ji. Kafin 2007, ma'aikatan asibitin garin kan karɓi mutum 30 zuwa 40 a dare guda da raunukan da maye ya jawo. A cikin shekara ɗaya an yi jana'iza sama da 50 a wannan ɗan kwari, 13 daga cikin mamatan su suka kashe kansu, galibi matasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yara na kwana da yunwa saboda kuɗin cefane ya tafi mashaya, da safe kuma ba su iya zuwa makaranta saboda hayaniyar dare ta hana su barci. Mata na kwana da kumburin fuska.

To, su wa suka tashi? A tsakiyar 2007 matan kwarin suka yi taronsu na shekara-shekara a daji, ƙarƙashin cibiyar mata ta Marninwarntikura, wadda June Oscar da Emily Carter ke jagoranta. Iyaye da kakanni ne da suka gaji da binne 'ya'yansu. Suka yanke shawara guda: a dakatar da sayar da giya mai ƙarfi wadda ake saye a tafi da ita gida. Suka rubuta wa hukumar da ke ba da lasisin sayar da giya ta jihar, suka nemi goyon bayan dattawan gargajiya maza, suka jawo 'yan sanda da ma'aikatan lafiya suka ba da shaida. A ranar 2 ga Oktoba 2007 hukumar ta haramta sayar da duk wata giyar tafi-da-gidanka da sinadarin mayenta ya haura kashi 2.7 cikin 100, da farko na wata 6. A 2008 aka tsawaita dokar ba tare da an sa mata wa'adi ba.

Mai karatu zai ce, wannan ai ba hani ba ne, tunda an bar mai rauni, an kuma bar sha a cikin mashaya. Gaskiya ne, kuma mu a wajenmu kaɗan ɗinta da mai yawanta duk haramun ne, babu ciniki a kai. Amma ka duba hikimar matan nan. Sun lura cewa mafi yawan ɓarnar daga katan-katan ɗin da ake kwasa a kai unguwa take fitowa, inda za a zauna a sha tun yamma har asuba a gaban yara, babu mai cewa ya isa. Sai suka auna ƙarfinsu, suka nufi jijiyar da za su iya yankewa, suka yanke ta. Da sun tsaya a kan ko duka ko babu, da mai yiwuwa har yau suna rubuta takarda.

Kada kuma ka ɗauka an yi musu tafi. An zage su, an yi musu barazana, kuma masu zagin 'yan'uwansu ne na jini, ƙannai da 'ya'ya da surukai. Wasu suka ce an tauye musu 'yanci, wasu suka ce kasuwar garin za ta mutu. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, su kansu 'yan ƙabilun suna da hannun jari a kamfanin da ya mallaki mashayar garin, ribar giya na shiga aljihun jama'arsu. Matan nan sun san da haka, suka zaɓi rayukan yara a kan riba.

Me aka samu? Jami'ar Notre Dame ta Ostireliya ta bi diddigin lamarin. Bayan shekara guda, masu zuwa sashen gaggawa na asibiti saboda maye sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, kiran da ake yi wa 'yan sanda kan rigimar mashaya shi ma ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Gari ya yi shiru da dare, yara suka samu barci. Wani abin lura, ƙarar dukan mata da ake kaiwa ofishin 'yan sanda ta ƙaru, masu binciken kuma suka danganta hakan da cewa mata sun daina ɗaukar duka a matsayin ƙaddara, sun fara kai ƙara, raunukan da ake gani kuma ba su kai na da muni ba. A 2009 garin Halls Creek da ke maƙwabtaka da su ya bi sahu.

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya ɓangaren. Giya ba ta ƙare a Fitzroy Crossing ba. Waɗanda maye ya riga ya kama sun riƙa yin tafiyar ɗarurruwan kilomita zuwa Derby ko Broome su sayo, 'yan sumoga kuma suka samu kasuwa, suna sayarwa a ɓoye da tsada. Su matan ba su taɓa cewa dokar magani ce ba, sun kira ta damar numfasawa. Da suka numfasa, sai suka juya kan abin da kowa ke jin kunyar ambata: yaran da giya ta illata tun suna ciki. Mace mai ciki idan ta sha, sinadarin mayen yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, illar kuma ba ta warkewa har mutuwa. Su da kansu suka gayyato likitoci daga Jami'ar Sidni, aka yi binciken da suka sa wa suna Lililwan, ma'ana ƙananan yara. Aka duba yara 108 da aka haifa a 2002 da 2003, aka tarar kusan 1 cikin kowane 5 na ɗauke da wani nau'i na wannan illa. Wace al'umma ce za ta yarda a tona asirinta haka? Su sun yarda, don a san yadda za a koyar da yaran a makaranta, a kuma kare waɗanda ba a haifa ba. A 2017 aka naɗa June Oscar kwamishinar kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta Ostireliya baki ɗaya.

Yanzu sai mu dawo kanmu, ya kai ɗan'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Ke nan kai da sa'o'inka ne abincin wannan annoba. A garuruwanmu kuwa ba sai an nuna maka ba: ga burkutu da ogogoro, ga giyar leda da ake ɓoyewa a aljihu, ga kodin da gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a maganin tari tun 2018, ga tiramadol, ga sholisho. Mun san lungun, mun san mai sayarwa, mun san ɗan gidan wane ne ke kwana a kwata. Mu da muke da hani bayyananne daga Ubangiji, me muka tsara?

Abin da ya fi zo wa matashi a rai shi ne ya ɗauki gora ya tara abokai su nufi mashaya. Wannan hanya muna ganin kuskure ce, kuma ɗaukar doka a hannu fitina yake haifarwa, ya jawo gaba tsakanin maƙwabta, a ƙarshe mai sayarwa ya koma wani lungun ya ninka kuɗi. Fasa kwalba ba ya fasa ƙishirwar mai sha. Amurka da duk ƙarfinta ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, zukatan mutane ba su bi dokar ba, 'yan daba suka yi kuɗi, aka janye ta. Ka kwatanta da Madina. Hanin giya bai sauka rana ɗaya ba: aka fara nuna cewa zunubinta ya fi amfaninta a Suratul Baƙara, sannan aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Da ya zo, masu tulunan da hannunsu suka tuntsurar da su har ta gudana a lungunan gari, domin an riga an yi shekaru ana gina zukata. Kuma an ruwaito cewa da wani ya tsine wa mutumin da aka sha kawowa saboda maye, Manzon Allah (S) ya hana, ya yi wa mutumin shaidar son Allah da ManzonSa. Mashayi ɗan'uwanka ne da ya faɗa rijiya, igiya yake bukata.

Saboda haka ga abin da muke ba matasan kowace unguwa shawara. Na farko, ku ƙirga. Matan Fitzroy da lissafin gawa da na raunuka suka ci nasara a gaban hukuma. Ku san yara nawa suka bar makaranta, aure nawa ya mutu, haɗarin babur nawa aka yi saboda maye a unguwarku cikin shekara. Na biyu, ku je wajen iyaye mata ku saurara, su suka san abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa, kuma da bakinsu magana ta fi nauyi. Na uku, ku ɗauki buƙata ɗaya takamaimiya wadda za a iya cimmawa, kamar rufe shagon da ke sayar wa yara ƙwaya kusa da makaranta, ku kai ta gaban mai unguwa da limami da hakimi da hukumomin da doka ta ɗora wa alhaki, a rubuce, ku yi ta bibiya ba gajiya. Na huɗu, ku tanadi abin da za ku yi da wanda ya tuba. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, idan ya yanke farat ɗaya jikinsa kan yi karkarwa har da farfaɗiya, abin na iya kai wa ga rasa rai, don haka asibiti za a kai shi, ban da ɗaure shi da mari. Idan ya warware, a nema masa sana'a, a ja shi cikin majalisar kirki, domin zaman banza da tsofaffin abokai su ne ke mayar da shi ruwa.

Wannan aiki ba shi da armashi irin na zanga-zanga, babu kabbara a titi, babu mai ɗaukar hotonka. Za a zage ka, wataƙila ma daga cikin gidanku, musamman idan mai sayarwar yana da uwa a gindin murhu. Amma tsofaffin matan da ba su da ayar hani ko ɗaya a hannunsu sun jure zagin 'ya'yansu har suka kai ga gaci. Kai da kake da Littafi da Sunna, da ƙuruciya da lafiya, wane uzuri za ka gabatar ranar da za a tambaye ka game da maƙwabcinka?

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba da wannan bala'i, Ya ba mu haƙuri da basirar yin aiki dominSa.