Wayar Birkin Tirela Ba Abin Neman Araha Ba Ce

'Yan uwa, birkin tirela da iska yake aiki, amma fitilar da ke sanar da na baya an taka shi, waya ce ke kai mata wuta daga kan mota. In kun je Ƙofar Ruwa sayen waya, kada kaurin roba ya ruɗe ku. A fere bakinta, a kankare silin. In ya yi fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Jijjiga na karya shi, wutarsa kuma na raunana kafin ta kai ƙarshen doguwar tirela. A ganina, mai mota ya daure ya sayi jan ƙarfe zalla. Ran ɗan Adaidaita Sahun da ke biye da shi cikin dare yana kan wannan fitilar.