Gwangwanin fenti da kaskon wuta ba sa kwana ɗaki ɗaya

Duk shekara idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, ana ja mana kunne a kan gobara: a kashe garwashi kafin a kwanta, a kula da wayar lantarki. Akwai wata ƙofa da wuta da cuta ke bi su shiga gidajen masunta, wadda ba a cika maganarta ba, ita ce gwangwanin fenti. Ina magana ne a kan samarinmu na bakin Binuwai da madatsar Lagdo da suka fara sassaƙa kifin katako, wato ɗan kifin ƙarya mai ƙugiya da ake ja cikin ruwa don a yaudari giwan ruwa da tsage. Da yawansu da dare suke shafa masa fenti, cikin ɗaki, ƙofa a rufe, kasko a gefe.

Sana'ar kanta ina goyon bayanta. Na kanti daga waje yake zuwa, yana da tsada, kuma tsage ɗaya ya isa ya tsinke zare ya tafi da shi. Yaron da ya iya sassaƙa nasa ya huta da wannan asara, har ya sayar wa wasu. Ai shi ma Lauri Rapala, wanda sunansa ke jikin fitattun kifayen ƙarya na duniya, talakan masunci ne a ƙasar Finlan. A 1936 ya sassaƙa nasa na farko da wuƙa, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka fim ɗin hoto ya dalaye shi don kada ruwa ya shiga. Tun daga ranar farko ke nan matsalar ita ce yadda za a hana katako shan ruwa.

Katako idan ya sha ruwa kumbura yake yi, fenti ya tsattsage, nauyinsa ya canja, ya daina 'yar rawar nan da ke jawo babban kifi. Shi ya sa shafin farko, wanda ke toshe ƙofofin itacen kafin a sa launi, ya fi duk sauran shafin muhimmanci. Shi ne kuma ya fi wari, domin ana tsinka shi sosai don ya ratsa.

Samarin nan a waya suke koyon aikin, daga bidiyon mutanen Turai da Amurka. Can ɗin sanyinsu na daskarar da tafki ne, ga shi yawancin fentin mai ba ya bushewa yadda ya kamata idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. Dole su yi aiki a ciki. Amma masu hankali a cikinsu suna da ɗakin aiki daban da na kwana, da fanka mai zuƙe wari ta fitar waje, da abin rufe hanci na musamman. Yaronmu ya ga ɗakin, bai ga fankar ba. Mu kuwa a Garwa, ko a tsakiyar Janairu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma zafi ya haura 30. Abin da Baturen ke biya da kuɗin lantarki, mu kyauta muke samunsa kullum daga hantsi zuwa la'asar.

To me ke faruwa a ɗakin da aka rufe? Tururin tina, wanda masu shago a nan ke kira diluwan, ya fi iska nauyi. Ƙasa yake kwantawa yana rarrafe, kuma a ƙasan ne kasko yake, a ƙasan ne yara ke barci kan tabarma. Ba sai gwangwani ya taɓa wuta ba, tururin ne zai je ya same ta. Wanda ya ga diluwan ya yi tsada ya tsinka fentinsa da zuwa-zuwa, shi nasa haɗarin ya ninka, domin fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Hunturunmu ba zai hana shi komai ba. Ga kuma gawayi da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kashe shi cikin barci. Mai shaƙar fenti zai ɗauka warin ne ya juya masa kai, ya kwanta wai ya huta.

Mu malamai mu ne ke ganin sauran da safe. Yaro ya zo aji ido jawur, kai na sara, fenti a ƙarƙashin farce, da wannan hannun kuma zai ci ƙosai a lokacin tara. Nan maganar dalma ke shigowa. Wasu fentukan mai, musamman jan nan na hana tsatsa irin na da, suna ɗauke da dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da aka sani ba ya cutarwa. Ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Kamaru ta kafa doka a 2017 da ta taƙaita dalma a fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan. Amma fentin da aka ɗura a robar ruwa aka sayar ba takarda, wa zai ce ga abin da ke ciki?

Na san amsar da za a ba ni. Masunci da safe yana kan ruwa, dare ne lokacinsa. A waje kuma akwai ƙura, ɗanyen fenti ya kwana a tsakar gida, gari ya waye ya zama kamar an barbaɗa masa yashi. Wannan gaskiya ne, kuma ƙurar ce ta fi sanyin korar mutane zuwa ɗaki. Sai dai maganin ƙura bai kai kuɗin magani a asibiti ba. Kwali babba, a huda gefunansa, a rufe hudojin da tsohon gidan sauro, a ratsa waya a ciki a rataye kifayen, a ajiye ƙarƙashin rumfa nesa da murhu. Iska na shiga, yawancin ƙurar na tsayawa a waje.

Ko don kyan aikin ma wutar ba ta taimakawa. Fentin da aka kanga a garwashi samansa ne ke bushewa, ciki ɗanye, daga baya ya yamutse. Iskar da ke cikin katako kuma idan ta ji zafi sai ta buso, ta bar ƙuraje a jikin shafin, ta nan ruwa zai shiga. Gara a shanya itacen a rana ya ɗumama, a shafa bayan azahar lokacin da ya fara hucewa, sai ya zuƙe fentin ciki. Shafi siriri sau biyu ko uku, a bar kowanne ya kwana, ya fi kauri ɗaya. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Tsumman da aka goge fenti da shi a baza shi a waje ya bushe, kada a dunƙule a kusurwa, don tsumma mai irin wannan man yakan yi zafi ya kama da kansa. Wanda yake da fentin ruwa mai kyau, ya yi amfani da shi a launi, warinsa da haɗarinsa sun fi sauƙi.

Sarakunan ruwa suna da bakin da matasa ke ji, su faɗi wannan a bakin gaɓa kamar yadda suke faɗin dokar taru, su haɗa da masu shafa kwale-kwale da masu narka dalmar birgi. Masu shago su daina ɗura diluwan a robar da yaro zai ɗauka ruwan sha ne. Iyaye mata kuma, ku da ke kwana da ƙanana, kuna da ikon cewa gwangwanin nan ba zai kwana a ɗakinku ba. Giwan ruwa yana nan a Lagdo, zai jira fenti ya bushe a rumfa.