Tseren Motocin Mata A Turai: Tsani Ne Ko Keji?

Yau zan kai ku ƙasashen Turai ne, mu duba wani al'amari da ya faru a shekarar 1975 da kuma 2019. Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada, ku dai biyo ni.

A can akwai tseren wata irin mota mai kujera ɗaya tak, gajera ƙwarai har kamar ta taɓa ƙasa, ƙafafunta huɗu duk a waje. Babban ajin wannan tsere shi ne Formula 1. Ba wata doka da ta hana mace shiga, amma tun da aka fara shi a 1950 mace ɗaya ce ta taɓa samun maki, watau Lella Lombardi 'yar Italiya, wadda ta samu rabin maki a ƙasar Sifen a 1975. Tun daga 1976 kuwa ba macen da ta sake yin tsere a ajin.

Saboda haka a 2019 aka buɗe gasa ta mata zalla mai suna W Series. Aka yi tsere shida, biyu a Jamus, ɗaya-ɗaya a Beljiyam da Italiya da Holan da Ingila. Abin da ya burge ni, ba a karɓi ko kwabo daga hannun matan ba, alhali a sauran gasa direba ke zuwa da kuɗinsa ko na masu ɗaukar nauyinsa. Motocin kuma duk iri ɗaya ne, har ana musanya su tsakaninsu, don kada wata ta ce tata ce ta ci amanarta. Mu malamai mun san wannan: takardar jarrabawa ɗaya, lokaci ɗaya, sai a ga wadda ta yi karatu.

To, me aka gani? A tsere shida, mata biyar dabam-dabam suka zo na ɗaya. Jamie Chadwick 'yar Ingila, mai shekara 21, ita ta ɗauki kambi da maki 110, ta karɓi dala 500,000. Beitske Visser 'yar Holan ta biyo ta da maki 100. Amma wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Alice Powell. Tun a 2010 ta cinye wata gasa a Ingila tana karawa da maza, sa'an nan rashin kuɗi ya ajiye ta shekaru. Da aka ba ta mota kyauta, ita ta zo ta ɗaya a tseren ƙarshe a filin Brands Hatch. Ashe gwanintar tana nan, aljihu ne ya gaza.

Sai dai ba kowa ya yi murna ba. Pippa Mann, wata direba 'yar Ingila, ta soki shirin tun farko, tana ganin ware mata koma baya ne, gara a kashe kuɗin wajen tallafa musu su kara da maza. Gaskiya maganarta abin dubawa ce. Chadwick ta sake cinyewa a 2021 da 2022, amma duk da haka ba ta samu kujera a Formula 1 ba, sai Amurka ta nufa a 2023. Gasar ma kanta kuɗi ya yanke mata a 2022, aka soke tsere uku na ƙarshe, ta rushe a 2023.

Ni a ganina, kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Ware mata yana da amfani in tsani ne, watau a taka a hau. In kuwa yarinya za ta zo ta ɗaya shekara uku a aji guda ba a ciyar da ita gaba ba, wace malama ce za ta kira wannan nasara? Laifin ba na ɗalibar ba ne, na waɗanda suka gina aji ba su gina na gaba da shi ba ne.

Har ila yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan direbobi tun suna 'yan shekara bakwai ko takwas suke farawa da ƙananan motoci, kuma yawancin yaran da iyaye ke kaiwa can maza ne. Yaya za a yi a tarar da mata da yawa a sama, alhali kaɗan aka shuka a ƙasa?

A 2023 masu Formula 1 sun buɗe wata gasar 'yan mata mai suna F1 Academy, Marta García 'yar Sifen ta fara cinye ta. Ma'aunin da zan auna ta da shi ɗaya ne: 'yan mata nawa suka fita daga cikinta suka hau sama?

'Yan'uwa, in kun ga mace ta tsaya cak a wata sana'a, kafin ku ce ta kasa, ku tambaya tukuna: an ba ta kayan aiki daidai da na ɗan'uwanta? Ina jiran wasiƙunku. Ku huta lafiya.